Abin da Kare Yake Bin Mai Shi Ranar da Inshora Ta Gaza

Wanda ya yankar wa karensa inshora ya yi ne saboda rana ɗaya, ranar da likitan dabbobi zai ɗaga hoto ya ce sai an yi aiki. Sai dai a wannan ranar ce mutane da yawa suke fara karanta takardar da suka sa wa hannu shekaru da suka shige, su tarar kamfanin zai biya rabi, ko sulusi, ko kuma ba zai biya ko sisi ba. Daga nan zancen ya tashi daga na magani ya koma na kuɗi da kunya. Likita ya faɗi adadi, mai kare ya sunkuyar da kai, kowa ya ɗauka hanya biyu ce kawai ta rage: ko a nemo kuɗin ko ta halin ƙaƙa, ko a yi wa karen allurar da ba zai farka ba.

Ni ban yarda hanya biyu ce ba. Kuma ban yarda cewa wanda ya kasa biyan aikin da ya fi kowanne tsada ya ci amanar dabbarsa ba. Abin da kare yake bin mai shi shi ne kada a bar shi cikin azaba, kuma a nema masa lafiya iyakar ƙarfi. Nauyi ne babba, amma yana da iyaka, kuma gidaje da yawa suna shiga uku saboda ba wanda ya nuna musu inda iyakar take.

Inshorar karnuka ba baƙuwa ba ce. A Suwidin aka fara yi wa kare inshora a 1924, Birtaniya ta bi a 1947, Amurka kuwa sai 1982. Har yau Suwidin ce kan gaba, mafi yawan karnukanta suna da inshora, yayin da a Amurka 'yan ƙalilan ne. Amma a idon doka kare dukiya ne, saboda haka inshorarsa ta fi kusa da ta dukiya fiye da ta lafiyar ɗan Adam, kuma daga nan mafi yawan rigimar take tasowa. Kamfani ba ya biyan ciwon da karen ya riga ya ɗauka kafin a shiga yarjejeniya. Wannan a baki abu ne mai ma'ana, ba wanda zai yanki inshorar gobara bayan wuta ta kama. Matsalar tana wajen fassara. Idan shekara biyu da suka wuce likita ya rubuta a fayil cewa karen yana ɗan ɗingishi, yau kuma jijiyar gwiwarsa ta tsinke, kamfani yana iya cewa ciwon tsoho ne. Akwai kuma sharaɗin da mutane ƙalilan suke lura da shi: idan gwiwar hagu ta taɓa lalacewa kafin a shiga inshorar, wasu kamfanoni suna ɗaukar ta dama a matsayin ciwo ɗaya da ita. Su sun san abin da mai kare bai sani ba, cewa tsakanin sulusi zuwa rabin karnukan da jijiyar gwiwa ɗaya ta tsinke musu, ɗayar ma takan bi daga baya.

Ban da wannan akwai kwanakin jira bayan sa hannu, da kason farko da mai kare zai biya daga aljihunsa, da rufin da kamfani ba ya wucewa a shekara ko a kan ciwo guda. Wasu yarjejeniyoyin wata 12 kawai suke biyan kowane ciwo, daga nan sun wanke hannu ko da karen bai warke ba. Kuma yayin da kare yake tsufa, wato daidai lokacin da zai fi buƙatar asibiti, kuɗin wata-wata yana hawa, sau da yawa kuma a ɗora wa mai shi wani kaso na kowane magani. Idan ya fusata ya ce zai koma wani kamfani, sabon kamfanin zai lissafa duk abin da ke fayil a matsayin tsohon ciwo. Ya zama ba shi da wajen gudu. A wurare da yawa ma sai ka biya asibiti tukuna sannan ka nemi kamfani ya mayar maka, wanda ke nufin mai inshora marar ajiya yana iya tsayawa a gaban likita da hannu wayam kamar wanda bai taɓa biyan komai ba.

Ba ina cewa inshora banza ce ba. Ga ɗan kwikwiyon da aka yankar wa tun kafin a rubuta komai a fayil ɗinsa, mai yarjejeniyar da ke sabunta rufinta kowace shekara, takan fitar da mutum kunya sosai. Abin da nake ƙi shi ne a tallata ta da sunan kwanciyar hankali, a ɓoye ramukan a shafi na goma sha. A Amurka ƙungiyar kwamishinonin inshora na jihohi ta fitar da daftarin doka a 2022 wanda ya ce kamfani ne zai kawo hujjar cewa ciwo tsoho ne, ba mai kare ne zai kawo hujjar cewa sabo ne ba. Wannan shi ne adalci, domin kamfanin ne yake da lauyoyi da ƙididdiga. Kuma duk wanda aka hana shi biya kada ya ɗauki amsar farko a matsayin ta ƙarshe. Ya nemi dalilin a rubuce, ya roƙi likitansa ya rubuta wasiƙa idan ciwon yau ba shi da alaƙa da na da, ya ɗaukaka ƙara. A Birtaniya akwai ofishin sasanta rikicin harkokin kuɗi da yake sauraron irin wannan koke kyauta.

To me ya sa aikin kansa yake da tsada haka? Wani ɓangaren gaskiya ne tsagwaronta. Kare ba ya kwanciya a ɗauke shi hoto don an roƙe shi, sai an sa shi barci, kuma barcin yana buƙatar wanda zai tsaya yana duba numfashi da bugun zuciya. Na'urorin irin na asibitin mutane ne, ƙarfen da ake ɗaure ƙashi da shi ma haka, ga ma'aikatan dare, kuma galibi gwamnati ba ta rage wa kowa kuɗin. Mutumin da ya saba a yi masa magani da tallafin hukuma bai taɓa ganin ainihin kuɗin tiyata ba sai ranar da ya kai dabba. Amma akwai wani ɓangaren da ba na magani ba ne. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta bayyana a 2024 cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na asibitocin dabbobi a ƙasar mallakar manyan kamfanoni shida ne, alhali a 2013 rabonsu bai wuce kusan kashi 10 ba. Yawancin asibitocin sun riƙe tsohon sunansu, mai kare yana zaton yana kwatanta farashin asibitoci biyu alhali aljihu ɗaya kuɗin zai shiga. A Amurka kamfanin Mars, mai yin alewa da abincin karnuka, ya sayi rukunin asibitocin VCA a 2017 kan kusan dala biliyan tara. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi ba don Allah ya zuba ba, riba yake jira.

Duk da haka a yi hattara da wanda ake huce haushi a kansa. Likitar da ke tsaye a gabanka sau da yawa ma'aikaciya ce, ba ita ta yanka farashin ba, ita ce dai take shan zagi. Wani bincike da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar a 2019 ya nuna cewa likitocin dabbobi sun fi sauran jama'a mutuwa ta hanyar kashe kansu, maza ninki biyu da ɗoriya, mata ninki uku da rabi. Dalilan suna da yawa, amma ba sai an yi dogon nazari ba kafin a gane cewa wanda ya yi shekaru yana koyon ceton dabba, sannan aka riƙa sa shi yana kashe wadda zai iya warkarwa saboda babu kuɗi, ana kuma ce masa ɗan kasuwa marar imani, yana ɗauke da kaya.

Na san akwai mai karatun da tun daga layin farko yake cewa: mutane na kwana da yunwa, ana maganar tiyatar kare? Tambaya ce ta gaskiya, kuma a wani ɓangare ina tare da shi, shi ya sa nake cewa nauyin yana da iyaka. Inda muka rabu shi ne idan yana nufin ciwon kare ba komai ba ne. Hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa da takalminsa aka gafarta masa sananne ne, haka ma na matar da ta kulle kyanwa ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Ba wanda ya tilasta wa kowa ajiye kare, amma wanda ya ajiye, ko don gadi, ko farauta, ko kiwo, ko ja-gorancin makaho, ko zaman gida, ya ɗauki alhaki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake zuba duk tiyata a ƙwarya ɗaya, alhali ba ɗaya ba ce. Akwai aikin da yake mayar da kare garau. Karyar da ba a cire wa mahaifa ba, mahaifar takan cika da mugunya, kuma bayanan inshorar Suwidin sun nuna hakan yana samun kusan ɗaya cikin kowace huɗu ko biyar kafin ta kai shekara goma. Idan aka cire mahaifar da wuri, galibi ta warke ke nan har abada. Kare ya haɗiye ƙashi ko tsumma ya toshe masa hanji, a buɗe a cire, ya koma harkarsa. Manyan karnuka masu zurfin ƙirji tumbinsu yakan kumbura ya murɗe, wannan kuwa sa'o'i ne tsakanin rai da mutuwa, amma yawancin waɗanda aka kai da wuri suna tashi. A kan irin waɗannan, idan karen yana da sauran shekaru a gaba, ina ganin ya dace mutum ya matse, ya sayar da abin da zai iya rayuwa ba tare da shi ba, ya buga ƙofar 'yan'uwa.

Akwai kuma aikin da kwanaki kawai yake saya. Wani mugun ciwon daji na jijiyoyin jini yakan kama saifar tsofaffin karnuka, ya fashe, jini ya cika ciki. Idan aka cire saifar ba tare da wani magani ba, yawanci wata ɗaya zuwa uku ake samu, da maganin ciwon daji kuma wata huɗu zuwa shida. Wahalar ita ce ba kowane ƙullutu a saifa ne ciwon daji ba, kuma sau da yawa ba a tabbatarwa sai an ciro an kai ɗakin gwaji. Wannan caca ce ta gaske, kuma ya kamata a faɗa wa mai kare cewa caca ce. Ciwon daji na ƙashi ma haka: a yanke ƙafa a samu wata huɗu ko biyar, a haɗa da maganin ciwon daji a kusanci shekara. Wanda yake da hali ya zaɓi wannan, ba ni da ta cewa. Amma a bar mai ƙaramin ƙarfi ya ci bashin da zai yi shekara uku yana biya don watanni ukun da rabinsu jinya ce, ba tare da an faɗa masa lissafin ƙarara ba, wannan zalunci ne ko da an yi shi cikin murya mai taushi. Kare bai san akwai wata mai zuwa ba, yau kawai ya sani, yana jin zafi ko ba ya ji. Mu ne muke ƙidayar kwanaki, kuma wani lokaci don kanmu muke sayen su.

Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi wanda ba a cika nuna wa mutane ba. Ɗauki tsinkewar jijiyar gwiwa. Aikin da ya fi shahara a yanzu, wanda likitan Amurka Barclay Slocum ya fito da shi a 1993, shi ne a yanka ƙashin ƙauri a juya shi a ɗaure da ƙarfe. Aiki ne mai kyau, musamman ga babban kare mai kuzari. Amma akwai tsohuwar hanya mai sauƙin kuɗi ta ɗaure gwiwar da zare mai ƙarfi daga waje, kuma ƙananan karnuka da ba su kai kilo 15 ba da yawa suna samun sauƙi da hutu, rage ƙiba da maganin zafi. Ƙugun da ya lalace ana iya sa masa na roba da ƙarfe, ana kuma iya yanke kan ƙashin cinyar kawai, jiki ya gina wata gaɓa ta nama, ƙaramin kare ya ci gaba da gudu. Karen da faifan bayansa ya zame amma yana iya takawa, sau da yawa makonni huɗu zuwa shida a keji da magani suna isa. Karayar da ta ragargaje, maimakon aiki uku da ƙarafa, a yanke ƙafar. Mutane suna jin wannan su yi tsaki, amma kare mai ƙafa uku ba ya duba madubi, cikin makonni kaɗan yake koyon tafiya. Ko wajen gwaje-gwaje akwai ragi, domin hoton da ba zai sauya shawarar da za a yanke ba, ba dole ba ne a ɗauke shi.

Waɗannan hanyoyin ba su kai na farko kyau ba a kowane hali, kuma ƙarya ne a ce sun kai. Suna da haɗarinsu. Amma da babu gara ba daɗi, kuma a makarantun likitancin dabbobi yanzu ana ƙara koyar da cewa magani mai kyau shi ne wanda ya dace da dabbar da kuma halin mai ita. Likita yakan ji tsoron a zarge shi idan ya kawo hanya mai araha ta ƙi ci, mai kare kuma yakan ji kunyar cewa ba shi da shi, sai kowa ya yi shiru a kan abin da zai iya ceton karen. Saboda haka mai kare ya cire kunya tun a minti na farko ya faɗi iyakar abin da zai iya biya. Ya tambaya: idan aka yi aikin, mene ne damar warkewa, kuma na tsawon wane lokaci? Idan ba a yi ba fa? Mece ce hanya ta biyu, da ta uku? Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da kwanan asibiti, da dawowa, da abin da zai biyo baya idan rauni ya ruɓe? Idan ba gaggawa ba ce, ya karɓi hotuna da sakamakon gwaji ya kai wani asibiti. Asibitocin jami'o'i da ƙananan asibitoci masu zaman kansu wani lokaci suna yin aiki ɗaya da kuɗi daban.

Kan bashi kuwa, bashi hanji ne, ba abin kunya ba ne, amma ba kowane ake haɗiya ba. A wasu ƙasashe a teburin asibiti ake miƙa wa mutum takardar katin rance, hankalinsa a tashe, a ce babu kuɗin ruwa na wata shida ko shekara. Abin da ba a nanatawa shi ne, a irin wannan katin, idan wa'adi ya cika da saura ko kaɗan, ana lissafa kuɗin ruwan tun daga ranar farko a ɗora masa. Gara a roƙi asibitin biya kashi-kashi idan suna yarda. Ma'aunina mai sauƙi ne: kuɗin haya, abincin yara, kuɗin makaranta da maganin mutanen gida ba sa shiga lissafin. Abin da ya rage bayan waɗannan, mutum ya yi yadda zuciyarsa ta ba shi.

Neman taimako a intanet yana aiki, amma ga wanda yake da mabiya da kare mai kyan hoto. Tsoho mai baƙin kare marar asali ba ya tara komai. Ƙungiyoyin agaji sun fi adalci. Maria Dickin ta buɗe ɗakin shan maganin dabbobin talakawa kyauta a unguwar matalauta ta gabashin Landan a 1917, kuma ƙungiyar da ta kafa, PDSA, tana nan har yau, sai dai tana duba ko mutum yana karɓar tallafin gwamnati da kuma inda yake zaune. Wanda ya faɗa tsakiya, bai talauce har a taimake shi ba, bai kuma wadata har ya biya ba, shi ne ya fi shan wuya. Akwai wata hanya mai ɗaci da ya kamata a riƙa ambata: wasu gidajen ceton dabbobi suna karɓar kare mai ciwon da ake warkewa, su yi masa aiki su ba wani. Ka rasa karenka, shi kuma ya rayu. Wanda ya iya wannan, ni ina ganin girmansa.

Idan duk hanyoyin sun toshe, allurar ƙarshe ba laifi ba ce. Likita yana ba da maganin barci mai yawa ta jijiya, karen ya yi barci, zuciya ta tsaya cikin mintuna. Laifin da nake gani shi ne na uku, wanda ba a lissafa shi cikin zaɓi amma ake yawan yin sa: a ɗauki karen a koma gida a ce bari a gani. Hanji a toshe, mahaifa cike da mugunya, ana jira, ana jefa masa maganin zafin mutane, alhali irin su ibuprofen suna ƙona wa kare tumbi su lalata ƙoda. Kare yana ɓoye ciwo, shirunsa ba sauƙi ba ne. Likitar kansar dabbobi Alice Villalobos ta tsara wani ma'auni da ake amfani da shi, wanda yake duba zafi, ci, sha, tsafta, walwala, motsi, da kuma ko ranakun daɗi sun fi na wahala yawa. Mutum yana iya zama da likitansa su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Rashin kuɗi yana iya hana ka aiki, amma ba hujja ba ce ta barin dabba tana mutuwa a hankali don kai ba ka son yanke shawara.

Wani kaso na waɗannan kuɗaɗen ma tun ranar sayen kwikwiyo aka rubuta shi. Karnuka masu murƙusasshiyar fuska da ake yayi an haife su da matsattsen hanci da maƙogwaro, da yawansu sai an yi musu aiki kafin su yi numfashi sosai, masu dogon baya da gajerun ƙafafu kuma ciwon faifan baya ne gadonsu. Kamfanonin inshora sun sani, shi ya sa suke tsauwala musu kuɗi. A 2023 kotun ƙolin Norwe ta tabbatar da haramta kiwon wani nau'in ƙaramin kare da ake kira Cavalier King Charles saboda cututtukan da ke cikin jininsa. Ina goyon bayan wannan, kuma ina so a ce hukumomi su ƙara da abu biyu: a wajabta wa asibiti ya rubuta sunan mai shi na ainihi da farashin ayyukansa inda kowa zai gani, kuma kafin a sa kare barci don aikin da ba na gaggawa ba, a ba mai shi takarda mai ɗauke da hanya fiye da ɗaya, kowacce da kuɗinta da abin da ake sa ran za ta haifar.